Sunan da Babu a Kati

Jaka ɗaya. Baƙar riga, da wata wadda ba baƙa ba. Maganin hawan jinin Inna na wata uku. Gasassun kaji biyu da suka riga suka huce. Jan biro. Takardun kamfanonin inshora guda uku, waɗanda ta karanta har ƙananan rubutun da ake ɓoyewa a ƙasa. Abin da Zukiswa ta ɗauko ke nan, kuma duk a kan cinyarta yake, domin bayan motar hayar da ta shiga ya cika da kujerun roba da wata mata za ta kai gidan makoki.

Asabar ce, ranar binne mutane. Tun da suka wuce Tsomo, da wuya su ga tudun da ba a kafa masa farin tanti ba. Rediyon direba kuwa talla ɗaya yake maimaitawa tun safe: akwati mai sheƙi, sa guda, tanti, bas biyu, har da katin waya na sanar da dangi, duk a kan kuɗi kaɗan a wata. Muryar mai tallar kamar ta mai gayyatar biki.

"Waɗannan na fi so," in ji mai kujerun, ta zunguri Zukiswa da gwiwar hannu. "Su har kayan miya suke bayarwa. Ke wa ya rufe ki, 'yata?"

"Da sauran numfashina, Iya."

"Ai tun da numfashin ake yi."

Rufewa suke ce wa abin. Ka sa sunan mutum a inshorar jana'iza, ka riƙa biya duk wata, ran da ya mutu a ba ka kuɗin binne shi: ka rufe shi ke nan. Shekara bakwai Zukiswa ta yi a Rasha tana koyon haɗa magani, bara ta dawo ƙasarsu ta kama aiki a birnin East London, ta tarar kalmar ta zama gaisuwa. A da ana tambayar mutum ne ko ya ci abinci.

Ba makoki ne ya kawo ta ba, ko da yake za ta leƙa. Yayanta Lungile ne ya kira ta ran Laraba daga Rustenburg, inda yake fasa dutse a ramin ma'adinai, a hannun ɗan kwangilar da ba ya ajiye wa ma'aikacinsa ko sisi. Ya ce rufin rami ya faɗo wa Mncedisi, abokin aikinsa kuma ɗan ƙauyensu, shi ne ma ya jawo shi waje. Ya ce zai rako gawar gida, ran Litinin da yamma zai koma.

"Ki zo ki duba min takarduna," ya ce. "Ina so in san abin da Nosakhele da yara za su samu, in ni ne."

Nosakhele matarsa ce. Yaran uku ne, babbar, Asanda, tana aji shida.

Zukiswa ta tarar ana saukar da akwatin, ba da igiya ba, da inji, a hankali, mawaƙan coci suna raka shi. An shimfiɗa wa bakin kabarin ciyawar roba, an kafa masa 'yar rumfa kada rana ta dami mamacin. Mai ɗaukar bidiyo yana ture tsofaffi don ya samu wuri. Mncedisi, wanda shekara goma sha biyar ya yi yana kwana a ɗakin kwano da ƙarti uku, yau ya samu ɗaki shi kaɗai, na katako, mai mariƙi ruwan zinariya.

Matarsa tana zaune a kan katifa, an lulluɓe ta da bargo har ka, 'ya'yanta huɗu a jere cikin sababbin takalma. Zukiswa ta dubi takalman. Su kaɗai ne za su kwana a gidan daga cikin rand dubu saba'in, kuɗin ƙasar, da inshora ta biya. Sauran yana cikin tukwane da cikin rami.

A ƙofar gidan makokin, inda ake wanke hannu a baho bayan an dawo daga maƙabarta, nan Baffa Velile ya kafa kansa. Ƙanen marigayi mahaifinsu ne, babban gidansu a yanzu, dattijon coci, kuma wakilin wani kamfanin inshora mai ofis a bayan tasha. Duk wanda ya tsame hannu daga ruwa, takardar talla ce take fara samunsa kafin tawul.

"A'a, ga Baturiyarmu," ya ce. "Likitar ƙwayoyi. Kin ga yadda ake sallamar mutum? Ni na rufe yaron nan. Kin ga girman san? Kin ga mariƙin akwatin?"

"Na gani, Baffa. Matarsa me za ta dafa ran Talata?"

"Allah yana nan." Ya gyara wuyan kwat ɗinsa. "Ke ma ki kwantar da hankalinki, mun rufe ki tun kina can cikin ƙanƙara. Ni na rufe ki, gwaggonki ta rufe ki, yayanki ma haka. Har da kuɗin jirgin ɗauko gawa."

"Mutum uku. Amma da na rubuto ina neman kuɗin rigar sanyi, ba wanda ya amsa."

"Rigar sanyi daban, mutunci daban."

A layin abinci ta samu Inna, mahaifiyarsu, riƙe da faranti cike da tsakin masara da wake da nama. Inna ta rungume ta da hannu ɗaya, ta raɗa mata a kunne: "Akwatina ya fi wannan. Murfi biyu gare shi, da farin yadi a ciki. Na je na gani, har na taɓa."

"Kin shanye maganin da na aiko wancan karon?"

"Jiri yake sa ni."

Da la'asar suka taru a babban ɗaki mai zagaye na gidansu, maza a dama, mata a hagu. Ba wanda ya gayyaci Baffa. Ya ce tunda maganar takardu ce dole ya zauna, ya ɗauki kujera mai hannu, wadda ta kasance ta mahaifinsu.

Nosakhele ta shigo da tiren shayi, ta durƙusa ta zuba wa kowa, ta koma bakin ƙofa ta zauna a kan tabarma. Shekara goma sha biyu ke nan da aka kawo ta gidan, har yanzu baƙin ɗankwali ya sauko mata har gira, ɗan bargo ɗaure a ƙugu, ido a ƙasa. Zukiswa ba ta tuna ta taɓa jin cikakkiyar jimla daga bakinta ba. Ta daɗe da yanke hukunci a kanta: tire ne mai ƙafafu.

Lungile ya ajiye gwangwanin biskit a kan tebur. Hannayensa suna 'yar rawa, irin ta masu riƙe injin fasa dutse, wadda ba ta barinsu ko a hutu. Zukiswa ta buɗe, ta cire murfin jan biro da haƙori, ta fara.

Shida ta jera. Duk na jana'iza ne, duk daga albashin Lungile ake cira, kuma duk shidan sa hannun wakili iri ɗaya ne a ƙasa, mai dogon jela. Mutum goma sha tara aka rufe. Inna tana cikin huɗu. Baffa yana cikin biyu, da matarsa, da ɗansa wanda ya kai arba'in bai taɓa riƙe aiki na wata uku ba.

"Yaya, ka san kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashinka nan yake tafiya?"

"Na san ana cira."

"Inna sau huɗu za ta mutu?"

"Bakinki," in ji Inna. "Kowane da aikinsa. Ɗaya na akwati, ɗaya na sa, ɗaya na dutsen kabari."

"Na huɗun fa?"

Inna ta dubi Baffa. Baffa ya kurɓi shayi. "Na abin da ba a zata ba."

Zukiswa ta fito da nata takardun, ta yi bayani a taƙaice, don ba ta iya dogon bayani ba. A bar inshorar jana'iza guda ɗaya, wadda za ta binne mutanen gidan ba tare da an yi bara ba. Kuɗin sauran biyar a mayar da su wuri biyu. Na farko inshorar rai, wadda ba akwati take bayarwa ba, tsabar kuɗi ne a hannun matarsa, mai isa ya riƙe gida ya kai yara ƙarshen makaranta. Na biyu ta naƙasa, don dutse ba kullum yake kashewa ba, wani lokaci ƙafa kawai yake ɗauka ya bar mutum da baki yana neman abinci. Ta ce saboda aikinsa na rami ne za su tsawwala kuɗin, za su kuma yi masa tambayoyi a kan ƙirjinsa, kuma kada ya yi musu ƙarya ko ɗaya, don da ƙaryar za su ƙi biya ran da ake bukata.

"Kun ji ko," in ji Baffa, yana magana da bango. "An je an koyo lissafi a ƙasar da ake ƙona gawa a zuba a tulu. So take a naɗe uwarta a bargo kamar ɗan akuya."

"So nake jikokin uwata su ci abinci bayan an kwashe tanti."

"Ni dai ba za a kai ni a bayan akori-kura ba," in ji Inna. "Matan ƙungiyarmu za su zo. Sun san abin da na gani a jana'izar kowa."

"Ba za ki ji abin da za su ce ba, Inna."

"Zan ji."

Baffa ya ajiye kofi. "Kuma wa ya gaya miki ba mu yi tunanin yara ba? Duba ƙasan gwangwanin. Ku 'yan boko kuna zaton kafin a haife ku duniya a duhu take."

Akwai ta bakwai, a ninke cikin leda. Zukiswa ta warware. Inshorar rai ce ta gaske, rand dubu ɗari uku, shekara biyar ana biya ba fashi. Ba ta da yawa, amma kuɗi ne. Ta ji kafaɗunta sun ɗan sauka, har ta kusa ba tsohon haƙuri. Sai ta kai layin da aka rubuta wanda zai karɓa.

Da hannu aka cika shi, da manyan baƙaƙe: NOSAKHELE. A gefensa lambar katin shaida, guda goma sha uku.

Duk wanda ya yi aiki a bayan kantar magani ya iya karanta lambar nan ba tare da ya yi niyya ba. Shidan farko ranar haihuwa ce. Huɗun da ke biye, in sun kai dubu biyar, namiji ne. Zukiswa ta karanta sau biyu, ta ɗora bakin jan biro a ƙarƙashinta.

"Matar yaya," ta ce, ba ta ɗaga kai ba, "wace shekara aka haife ki?"

Nosakhele ta dubi mijinta tukuna. "Casa'in da ɗaya."

"Nan an ce hamsin da takwas, watan Maris. Kuma an ce ke namiji ce." Ta juya. "Baffa, ba a watan Maris muke yanka maka tunkiyar ranar haihuwa ba?"

A waje ana jin kiɗan gidan makoki, matasa sun fara shan giyar share hawaye.

Baffa bai ko motsa ba. "Lambata ce. Sai me?"

"Sai dai ran da Yaya ya mutu, kamfani zai nemi wata Nosakhele mai katin shaida, ba zai samu ba, don babu ita a kowane kati. Sai ya bi lamba. Lambar kuwa ta kai shi gidanka."

"Ta kai shi gidan babban gida. Kuɗin ɗanmu ne, jininmu. Ni zan karɓa in raba yadda ya dace. Ko so kike a danƙa wa yarinya dubu ɗari uku, bayan shekara ɗaya wani mai mota ya zo ya kwashe ta da kuɗin?"

"Yaya, ka san da wannan?"

Lungile yana kallon hannayensa. "An tambaye ni sunan matata, na faɗa."

"Wannan ba sunanta ba ne. Wannan sunan da aka ba ta ne a gidan nan."

"A gaban Baffa aka cika takardar, Zuki. Wane suna kike so in kira a gabansa?"

Haka ne. Ran da aka kawo amarya, dangin miji suke zaunar da ita a kan tabarma, su yanka dabba, su raɗa mata sabon suna. Daga ranar sunan 'yanmatancinta ya tsaya a ƙofar gida, ba mai ambatarsa, balle miji a gaban manya. Gwamnati kuwa ba ta halartar yanka. Abin da ke kati shi ta sani.

"Lambar fa?" in ji Zukiswa. "Ita ma kunya ce ta hana?"

"Ni zan aika a karɓo min katin surukata?" in ji Baffa. "In buɗe in ga hotonta ba ɗankwali? Wurin lamba ba a barinsa fili, na sa wadda na haddace."

Abin da ya fi ba Zukiswa haushi shi ne ba ta iya rabe inda al'ada ta ƙare da inda wayo ya fara ba. Ta tabbata shi ma tsohon bai taɓa wahalar da kansa da rabewar ba.

"Ran Litinin za a gyara," ta ce. "Da safe, kafin motarsa ta tashi. A soke wannan layin, a rubuta sunanta na gaskiya da lambarta."

"Sunanta na gaskiya." Baffa ya jingina, ya haɗa yatsu a kan tumbinsa, ya yi murmushin da yake yi wa masu makoki. "A gidan nan mace ɗaya muka sani, Nosakhele, kuma ni na raɗa mata da bakina. Amma tunda ke ce mai ilimi, ga biro a hannunki. Rubuta mana ɗayan. Faɗe shi mu ji."

Zukiswa ta buɗe baki.

Ta san sunan magunguna sama da dubu, da harsuna uku. Ta san sunan matar da ke share benen da ta zauna a Rasha, da na karenta. Matar da ta haifa wa yayanta 'ya'ya uku, wadda take wanke Inna ran da jiri ya kayar da ita, wadda yanzun nan ta zuba mata shayi da sukari cokali ɗaya ba tare da ta tambaya ba, shekara goma sha biyu ba ta taɓa tambayar sunanta ba. Ba kunya ce ta hana ta ba, ita ba ta da wannan uzurin. Ba ta dai ga abin tambaya ba ne.

Ta dubi Lungile. Lungile ya dubi ƙasa.

"To," in ji Baffa. "Kun gani."

"A bar shi zuwa Disamba," in ji Lungile a hankali. "In na dawo hutu sai a zauna. Yau an yi binnewa, kowa ya gaji."

"Mncedisi ma Disamba yake jira," in ji Zukiswa.

Mutumin da yake shiga ƙarƙashin ƙasa tafiyar kilomita biyu kullum, ya tsaya a inda dutse ke ƙara a kan kansa, ga shi ya kasa ɗaga ido a gaban tsoho mai kwat. Zukiswa ta mayar da murfin biro. Ta fara lissafin motar farko ta gobe. Su rufe juna har su gaji.

Baffa ya tattara takardun bakwai, ya daidaita gefensu a kan tebur, ya zuba a gwangwani ya danne murfi. "Zan tafi da su in adana. Nan yara suna wasa da komai."

Nosakhele ta tashi kwashe kofuna. Ta durƙusa gaban Inna ta ɗauki nata. Ta ɗauki na mijinta, da na Zukiswa. Ta zo gaban Baffa, ido a ƙasa, ta ɗauki kofinsa da hannu biyu, ta ɗauki kwanon sukari, ta ɗauki gwangwanin biskit ta ɗora a kan tire kamar shi ma wanke shi za a yi, ta miƙe ta fita.

Sai da ta kai tsakar gida kafin kowa ya gane abin da ya faru.

"Ke," in ji Baffa. "Ke, Nosakhele."

Ba ta juyo ba, ba ta kuma ƙara sauri ba. Ta wuce ɗakin girki, inda kofuna suke zuwa, ta nufi ɗakinta mai rufin kwano a ƙarshen gida, ta shige.

Baffa ya biyo ta har tsakiyar fili, ya tsaya cik wajen igiyar shanya. Daga nan ba shi da sauran hanya. Uban miji ba ya taka ɗakin kwanan surukarsa, ko da gobara ake yi, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa faɗin haka a ƙauyen.

"Lungile, shiga ka ɗauko min."

Lungile ya shiga. Zukiswa ta bi bayansa, ba don an kira ta ba.

Ɗakin ƙarami ne, a share. Gado, akwatin ƙarfe, kayan makarantar yara a rataye an goge. Nosakhele ta ajiye tiren a ƙasa, ta buɗe akwatin, ta zura hannu can ƙarƙashin barguna ta ciro koren littafin shaida. Ta miƙa wa Zukiswa a buɗe. Hoton wata yarinya ce mai kitso, tana kallon kyamara kai tsaye, kamar tana shirin yi wa mai ɗaukar hoton rashin kunya.

Bulelwa.

"Kwafi lambar," in ji Nosakhele. "Ki duba da kyau, kada ki mayar da ni tsoho."

Muryarta ba irin wadda Zukiswa ta zata ba ce. Tana da kauri, kuma ba ta rawa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Ban sani ba. Gwangwanin a saman kabad ɗin babban ɗaki yake, ni ba na taɓa kayan wurin. Amma na gama sakandare, ƙanwar miji. Da wani ya miƙo min takardar, da na karanta." Ta ɗan dube ta. "Ke ma da kin miƙo min ɗazu, da ban tsaya jiran a tambaye ni shekarata ba."

Zukiswa ta karɓi wannan. Ta cire murfin biro.

Daga waje Baffa yana magana da ƙarfi, don maƙwabta su ji. Yana cewa an raina manya. Yana cewa duk wanda ya soke inshora, kuɗin shekarun da ya zuba ya bi ruwa, wanda gaskiya ne. Yana cewa in Inna ta faɗi gobe, a zo a gaya masa da me za a binne ta. Inna daga bakin babban ɗaki tana tambaya ko mai murfi biyun yana cikin waɗanda za a soke.

"Wanne ne na akwatinta?" in ji Nosakhele.

Zukiswa ta duba. "Wannan. Shi ne ma ya fi sauran ma'ana. Ya rufe Inna, da ku biyu, da yara."

"Shi za a bari. Ta taɓa shi, ba za ta yafe ba." Ta juya ga mijinta, wanda ke tsaye a tsakiyar ɗaki kamar baƙo. "Baban Asanda, ni na yi wa matar Mncedisi wanka yau da asuba. Ka san abin da ta tambaye ni? Ko na san mai neman mai wanki a gari. Ana can ana yanka sa, ita tana tambayar wanki."

Lungile ya goge fuska da tafin hannu. "Baffa ne fa. Shi ya tsaya min ran aurenmu."

"Ya tsaya. An gode masa, an ba shi cinya. Ka ce wa ƙanwarka kana so ka san abin da za mu samu in kai ne. Yanzu ka sani. Za mu samu tanti."

Ya daɗe yana kallon koren littafin a hannun Zukiswa. Sannan ya karɓa, ya riƙe shi da hannayen nan masu rawa, ya dubi yarinyar mai kitso.

"Bulelwa," ya ce, can ƙasa, kamar mai gwada ko kalmar tana aiki har yanzu.

Zukiswa ba ta ga abin yabo ba a ce namiji ya iya kiran sunan matarsa bayan shekara goma sha biyu. Amma ita ko wannan ba ta iya ba ɗazu, don haka ta ci gaba da kwafar lamba.

"Lungile," in ji Baffa daga wajen igiyar shanya. "Ina jiranka."

Lungile ya zauna a bakin gado.

Nosakhele ta gyara ɗankwalinta ya sauko har gira, ta je bakin ƙofa, ta ɗan rusuna wa tsohon yadda ya kamata, ido a ƙasa. Sannan ta jawo ƙofar ta rufe, ta sa sakata, ta juyo.

"Ran Litinin motar ƙarfe shida za mu shiga, mu uku," ta ce. "Ɗaya za a bari ta binnewa. Sauran na masu rai ne. Kuma Bulelwa za a rubuta."